Daga Dutse Mai Amo Zuwa Allon Waya: Waiwaye Kan Lissafin Kiɗa a Ƙasar Nok

A shekarar 1928 ne masu haƙar kuza a gefen ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Aka ajiye shi gefe, aka ci gaba da neman kuza. Sai wajen 1943, da wani kan ya ɓulla a yankin Jama'a, bayan ya shafe shekara guda yana aikin mutum-mutumi a gonar doya, sannan Bernard Fagg ya haɗa su biyun ya gane cewa hannun al'umma ɗaya ne. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka soma a 2005 ya kai mafarin wannan al'umma can wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙasa ta riƙe amana gwargwadon iyawarta. Ga fuskokinsu, ga kitsonsu, ga duwatsun wuyansu, ga wuraren da suka narka tama. Sautinsu kuwa iska ta tafi da shi, domin amo ba ya kwanciya a rami ya jira mai tono.

Wannan ita ce tsohuwar matsalar kiɗa a ko'ina: yaya za a kama abin da yake wucewa, a tsayar da shi, a dube shi da ido, a auna shi, a koya wa wani? Amsoshin da aka bayar sun zo Kudancin Kaduna ɗaya bayan ɗaya, kowace da abin da ta nuna mana da kuma abin da ta rufe.

Fagg ɗin nan dai, wanda ya buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya ci karo da amsa mafi tsufa. A watan Yunin 1955, yana nazarin zanen kogunan Birnin Kudu, ya lura da wasu duwatsu da suke amo kamar ƙarfe idan an buge su da ɗan dutse. A 1956 ya buga bayaninsu, daga nan aka yi ta gano irinsu a tsaunukan Arewa da sauran sassan Afirka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina game da waɗannan duwatsu shi ne gurabun da ke jikinsu. Inda aka saba bugu ya lotsa, ya yi sumul, kuma kowane gurbi da muryarsa. Wato makaɗan sun bincike dutsen kaf, sun zaɓi wuraren da kunnensu ya yarda da su, sun bar mana taswirar zaɓinsu. Mai tsayawa a gaban irin wannan dutse yana ganin muryoyin da idonsa, yana kuma iya taɓa su ya ji. Duk abin da injiniyoyin yau suke ginawa a allon kwamfuta, wannan manufar suke bi.

Sai ƙaho. Wanda ya taɓa halartar bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko Tuk Ham a Kwoi, ya ga masu busa sun jeru, wani da ƙaho dogo, wani da gajere. A irin wannan busa, wadda ta yaɗu daga Kudancin Kaduna zuwa Filato, ƙaho ɗaya ba ya ɗaukar waƙa shi kaɗai. Murya ɗaya yake da ita, ko biyu idan an huda tsininsa ana toshewa da babban yatsa. Kowa yana jiran gurbinsa, ya jefa muryarsa, ya yi shiru, na kusa da shi ya karɓa. Waƙar ba ta bakin kowa, tana tsakaninsu. Lissafi biyu ne a nan. Na farko na mai yankan ƙaho ne, wanda ya san dogo yana ba da murya mai kauri, gajere siririya, yana rage tsawon kaɗan-kaɗan har sabon ya zauna daidai cikin 'yan'uwansa. Na biyu na rabon lokaci ne, irin wanda mata uku suke yi in suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya ba ta karo da taɓarya. Ba a rubuta ko ɗaya ba. A jiki ake ɗauke da su, shi ya sa in gwani ya rasu ba tare da magaji ba, ya tafi da littafinsa.

Daga cikin mutanen da suka fara sa wa wannan sani lamba akwai Girkawa, kuma ana jingina abin ga Fisagoras, wanda ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Mai goge zai iya gwada shi yau. Ya ja tsirkiya a sake, sannan ya danne ta a tsakiya cif. Rabin da ya rage zai yi girgiza ninki biyu, muryar da za ta fito ita ce ta farkon amma a sama, abin da 'yan kwaya ke kira do na sama. In ya bar kashi biyu cikin uku na tsirkiyar, zai sami so, girgiza uku a kan kowace biyu. In ya bar uku cikin huɗu, fa ce. Biyu da ɗaya, uku da biyu, huɗu da uku. Muryoyi biyun da kakakin fada ya fi fitarwa, tazararsu ita ce uku da biyun nan, domin iskar da ke cikin dogon bututu haka take rarrabuwa, ko mabushin ya sani ko bai sani ba. Dutse da katako su ba sa bin wannan tsari sau da ƙafa. Ƙananan muryoyin da ke ɓoye cikin amonsu ba sa tafiya ɗaya, biyu, uku. A sandar katako madaidaiciya, ta farko a sama tana kusan ninki 2.76 ne na uwar muryar. Wannan ne ya sa amon dutse yake da wata ƙara tasa daban, wadda fiyano ba ya iya kwaikwayo.

Wannan ilimi ya biyo ta Bagadaza. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta babban littafi kan kiɗa yana auna wuraren danna yatsa a wuyan molon Larabawa. Safiyuddin al'Urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya zana kaɗe-kaɗe a kan da'ira, yana sa ɗigo a inda bugu yake faɗawa. Amma kafin su duka akwai Halilu ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na 8, wanda ya tattara ma'aunan waƙar Larabci goma sha biyar ya jera su cikin da'irori biyar. In ka fara karanta da'irar daga nan ka sami bahari kaza, in ka matsa gaba kaɗan ka fara, wani baharin ne zai fito. Ilimin aruli ke nan, kuma shi ne reshen wannan lissafi da ya fara shigowa ƙasar Hausa. Da shi Shehu Usmanu da Nana Asma'u da almajiransu suka auna baitocinsu, da shi malaman zaure suke gane karyayyen ɗango tun kafin mai rerawa ya kai ƙarshensa. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa a farkon ƙarni na 19, ta kawo irin waɗannan malamai kudu. Da jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, fadar ma ta komo garin a farkon shekarun 1930, sai malamin aruli ya zama maƙwabcin wani malamin da ya zo da nasa ma'aunin daga wata hanya dabam.

Wannan na biyun ɗan mishan ne. Ƙungiyar SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, tafiyar ƙafa kawai daga Nok, ta kuma kai Kagoro a ƙarshen shekarun 1920, inda makarantar Littafi Mai Tsarki ta tashi. Hausa ce harshen aikin. An gama fassara Littafi Mai Tsarki a 1932, ga kuma Littafin Waƙoƙi, wanda mafi yawan karinsa daga Ingila da Amurka aka ɗauko. Hanyar koyar da waɗannan karin ita ce solfa. Asalinta yana komawa ga Guido na Arezzo a Italiya a ƙarni na 11, amma siffar da muka sani Sarah Glover ce ta tsara ta a Norwich a shekarun 1830, Fasto John Curwen ya gyara ta ya yaɗa ta daga 1841. Ba a neman sanin layuka biyar da baƙaƙen ɗigo na rubutun kiɗan Turai. Haruffa bakwai ne kawai, d r m f s l t, sai ɗigo biyu da sanda masu raba lokaci. Curwen ya haɗa da wani dogon allo da aka jera muryoyin daga ƙasa zuwa sama. Malami yana nuni da sanda, ɗalibai suna rera duk inda sandar ta sauka. In ya tsallake mataki, su tsallake. Ido yana ganin tazarar, maƙogwaro yana auna ta.

Dole a yaba wa solfa. Ba ta bukatar komai sai alli da allo, ta kuma sa manomi da ɗan makaranta da matar aure sun iya karanta murya huɗu a ƙauyen da babu fiyano ko ɗaya. Har gobe, in ka leƙa majami'a a Kafanchan ko Zonkwa da yammacin ranar koyon waƙa, za ka tarar malamin kwaya ya cika allo da haruffan nan layi huɗu. Yana buga ƙafa, yana bin layin da yatsa, masu siririyar murya su rera nasu har ya zauna, sannan ya juya ga maza. Sai an iya haruffan kafin a ɗora kalmomi. Da wannan horo ne yankin ya yi suna wajen waƙar coci.

Amma solfa ta zo da mudunta. Kafin ta, kowane gari da nasa mudun na murya: jerin ƙahonin wannan ƙauye ba lalle ya yi daidai da na ƙauyen da ke bayan dutse ba, kuma kowanne daidai yake a gidansa. Yawancin waƙoƙin gargajiyarmu muryoyi biyar suke takawa, ba bakwai ba, tazararsu kuma ba dole ta faɗa kan ta Turai ba. Da aka ce sunaye bakwai ne kaɗai, duk muryar da ta faɗo tsakanin biyu sai aka kira ta kuskure. Ga kuma batun karin harshe. Hausa da Hyam da Tyap da Jju duka harsuna ne da hawa da saukar murya ke canza ma'ana, shi ya sa kalangu yake iya magana. Karin da aka ɗauko daga Ingila bai san da wannan ba, yana hawa inda kalmar ke sauka. A 1972 Paul Richards ya ƙirga gaɓoɓin wata waƙar Hausa ɗaya bayan ɗaya don ya ga sau nawa karin waƙa ke bin karin magana, irin aikin da ya kamata a ce an yi wa harsunanmu na kudu tun tuni. A farkon zamanin mishan an kuma hana ganga da ƙaho shiga majami'a. Zumuntar Mata ce, da tukwanensu na kiɗa da kacau-kacau da waƙar amshi, sai ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa da suka taso a farkon shekarun 1960, suka dawo da kunnen gida cikin ibada. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ba a cika ba su ladansa ba.

Daga baya fiyanon lantarki ya shigo, galibi ƙirar Yamaha, ya zauna a gaban kowace majami'a, kamar yadda ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano. A nan ne lissafin ya yi zurfi, kuma ya kamata mai karatu ya bi shi a hankali. In ka hau daga do zuwa so, ka mai da so ɗin sabon do ka sake hawa, ka yi haka sau goma sha biyu, kunne yana sa ran ka dawo do. Lissafi ya ce a'a. Ɗaya da rabi in an ninka shi da kansa sau goma sha biyu yana ba da 129.7, alhali biyu in an ninka shi sau bakwai 128 yake bayarwa. Da'irar ba ta rufuwa. Wannan ɗan giɓi ya wahalar da masu gyaran kayan kiɗa ɗaruruwan shekaru. A 1584 wani yariman Sin mai suna Zhu Zaiyu ya fitar da mafita, Simon Stevin ɗan ƙasar Holan shi ma ya kai gare ta a kusan lokacin: a raba giɓin ga kowa, a yanka tazarar do zuwa do gida goma sha biyu daidai wa daida, kowane mataki ya ninka na baya da 1.0595. A 1939 kuma wani taro a Landan ya amince a kafa ma'auni a kan girgiza 440 cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ke cikin kowane fiyanon lantarki ke nan. Sulhu ne aka yi, mai amfani ƙwarai, domin shi ya sa ɗan fiyano yake danna maɓalli guda ya ɗaga waƙa ko ya sauke ta. Amma sulhun mutanen wasu nahiyoyi ne kan matsalar kayan kiɗansu.

Dubi abin da ke faruwa ranar Lahadi. Wata dattijuwa ta ɗauko waƙa da harshen gida, da muryar da ta gada. Saurayin da ke kan fiyano ya sunkuyar da kai, yana lalube da yatsa ɗaya har ya sami maɓallin da ya fi kusa da ita. Da ya samu sai ya saki hannu biyu, lasifika ta cika ɗakin, jama'a su bi shi. Kafin baiti na biyu dattijuwar ma ta koma kan ma'auninsa. Babu wanda ya yi nufin ɓata komai. Amma in aka yi haka kowane mako na tsawon shekara talatin, tsohuwar tazarar za ta fita daga kunnen yara.

Abin farin ciki shi ne lissafin da ya kawo wannan matsi shi ne kuma ya ba da hanyar kuɓuta. A 1885 Alexander Ellis ya raba tazarar do zuwa do gida 1200, ya kira kowane gida sent, ya auna kayan kiɗan ƙasashe da dama. Da ma'auninsa ana ganin cewa so na tsirkiya 702 ne, na fiyano 700, mi na tsirkiya 386, na fiyano 400. Hukuncin da ya yanke shi ne jerin muryoyi ba guda ɗaya ba ne a duniya, kowace al'umma ita ta ƙera nata. A ɓangaren bugu, A. M. Jones ya yi aiki da wani gwanin makaɗin Ewe na Gana, ya haɗa na'urar da ke sa alama a doguwar takarda duk lokacin da aka yi bugu, ya buga sakamakon a 1959. A 1970 James Koetting ya yaɗa rubuta kiɗa cikin jerin akwatuna, kowane akwati ƙyaftawa ɗaya, a cike shi in akwai bugu, a bar shi in babu. David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa a littafinsu na 1971. Willie Anku ɗan Gana ya koma ga da'ira a 2000, inda Safiyuddin ya tsaya shekara ɗari bakwai baya.

Da aka ɗora kiɗa kan da'ira, abubuwan mamaki suka bayyana. Akwai wani bugun ƙararrawa da ya shahara wajen Yarabawa da Ewe, bugu bakwai cikin gida goma sha biyu, tazararsu 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. A 1983 Jeff Pressing ya nuna cewa waɗannan lambobi su ne ainihin matakan do, re, mi, fa, so, la, ti, do a kan fiyano. Abin da Bature ya shimfiɗa a hawan murya, Bayarabe ya shimfiɗa shi a tafiyar lokaci. A 2005 Godfried Toussaint na Jami'ar McGill a Kanada ya nuna cewa in ka raba bugu a kan da'ira yadda za su yi nesa da juna iya gwargwado, ta hanyar wata dabarar rabawa da Iƙlidis ya rubuta wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kaɗe-kaɗen duniya da yawa ne za su fito da kansu. Bugu uku cikin gida takwas yana ba da 3, 3, 2, tafin da ake yi a amshin majami'unmu, wanda kuma ke ƙarƙashin waƙoƙin zamani na Legas da yawa.

Wanda aikinsa ya fi kusa da bukatarmu shi ne Simha Arom. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya tarar da masu busa ƙaho na ƙabilar Banda Linda, kowa da muryarsa guda, irin namu. Ya sa wa mabushi ɗaya na'urar kunne yana jin sauran, ya ɗauki nasa shi kaɗai, haka har ya warware saƙar zare-zare. A 1989 shi da abokan aikinsa suka kai fiyanon lantarki da ake iya canza wa ma'auni, suka miƙa wa makaɗan ƙasar, suka ce su gyara da kansu har sai kunnensu ya ce ya yi. Sun gano cewa makaɗan suna da faɗin da suke yarda da shi, murya tana iya ɗan hawa ko sauka ba ta fita daga gidanta ba. Darasin nan yana da nauyi. Mai na'ura yana aunawa ne kawai, makaɗi ne alƙali.

Yau duk waɗannan kayan aiki sun shigo aljihu. Yaron da ke haɗa kiɗa a ƙaramin situdiyo a Kafanchan da manhajar FL Studio yana cike akwatuna goma sha shida a jere, tsarin Koetting ne a gabansa ko bai taɓa jin sunan ba. Waya mai araha tana iya nuna yawan girgizar ƙaho nan take. Manhajar Audacity kyauta ce, tana zana amo launi-launi ta hanyar lissafin da Joseph Fourier ya buga a 1822, a ga uwar murya da 'ya'yanta a jere. Chrome Music Lab da Google ya fitar a 2016 yana barin yaro ya ja tsirkiya a allo ya ga yadda tsawo ke canza murya. Sai dai yawancin waɗannan kaya da matakai goma sha biyun nan aka haife su, Auto-Tune kuwa, tun 1997, aikinsa shi ne jan muryar mawaƙi zuwa mataki mafi kusa. Wannan ne ya sa Khyam Allami, mawaƙi ɗan asalin Iraƙi, ya fitar da Leimma da Apotome a 2021, inda mutum zai shigar da ma'aunin garinsu ya yi kiɗa da shi a intanet ba tare da biyan ko kwabo ba.

Saboda haka uzuri ya ƙare. Muna da Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, da makarantar tauhidi ta ECWA a Kagoro, da malaman lissafi a kowace sakandare waɗanda suke fama da koyar da kashi da ninki ga yaran da suka iya uku-da-biyu a tafin hannunsu. Ina roƙon su fita da ɗalibansu. A nemi izinin dattawa tukuna, abin da suka ce na dodo ne ba na idon kowa ba a bar musu kayansu. Sauran kuwa a ɗauki jerin ƙahonin kowane gari, a auna tsawon kowanne da yawan girgizarsa, a rubuta sunan wanda ya yanke shi da sunan da ake kiran ƙahon da harshen garin, a ɗauki kowane mabushi shi kaɗai sannan a ɗauke su tare. A zana abin da aka samu, a mayar wa masu shi su duba su gyara, a ajiye kwafi a fadar garin da makarantarsa. Malaman kwaya da masu situdiyo su saka waɗannan ma'aunai a na'urorinsu. Masu yankan ƙahon da suka san aikin tsufa suke yi, kuma bikin Afan na gaba ranar 1 ga Janairu ne. A je da waya da awon tela da littafin rubutu.